Wutsiyar Saƙon Dogo

A ofishin zanen gine-ginen da Dogo yake aiki, kowa da yadda yake amsa imel. Shi Dogo a sama yake jefa amsarsa, layi ɗaya ko biyu, ya aika, tsoffin saƙonni na biye a ƙasa kamar wutsiya. Amininsa na teburin gefe kuwa sai ya zaɓi layin da zai amsa kaɗai, ya sa amsar a ƙarƙashinsa, ya share sauran. Shi ya sa ake kiransa Almakashi.

"Ka riƙa yanke wutsiyar nan, mutumina," ya sha faɗa wa Dogo.

"Ni ba wanzami ba ne," in ji Dogo.

Wata safiya a wurin taro Manaja ya karɓe aikin ginin makaranta daga hannun Dogo, ya ba Almakashi. Manajan yana tattara takardunsa ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba, "Tunda ban san gabas da yamma a takardar zane ba, gara in yi aiki da mai haƙuri da ni."

Nan take Dogo ya gane ta. Maganarsa ce wannan, ba ragi ba ƙari. Cikin raha ya rubuta ta, kuma mutum ɗaya ya aika wa. Ga shi mutumin nan ne aka ba aikin. Biri ya yi kama da mutum.

Daga ranar komai Almakashi ya yi sai ya zama hujja. Ya kawo masa shayi, Dogo ya ce a ransa borin kunya ne. Ya shiga ofishin Manaja ya tura ƙofa, to, an tafi kai rahoto. Ko tarinsa sai da ya zama na munafuki. Abin yana cin Dogo ƙwarai, ba don aikin ba, don mutumin da suka fara zane a tebur ɗaya tun suna masu koyo.

Matarsa ta ce, "Ka tambaye shi mana. Baki gare shi."

"In tambayi ɓarawo ko ya yi sata?"

Bai tambaya ba. Taku uku ne tsakanin teburansu, amma Dogo ya zauna ya rubuta masa imel mai tsawo. Ya fara da "Na ɗauke ka ɗan'uwa," daga nan ya saki baki: maci amana, ɗan neman gindin zama, mai fuska biyu. Ya aika, ya zuba wa gefen fuskar Almakashi ido, yana jiran ya ga ya daburce.

Almakashi ya karanta har ƙarshe. Ya cire gilashinsa ya goge, ya mayar, ya ɗan yi rubutu, sannan ya ɗauki kofinsa ya fita.

Amsar gajera ce. Ya bar layi ɗaya daga saƙon Dogo: "Na ɗauke ka ɗan'uwa." A ƙarƙashinsa ya rubuta: "Ni ma haka. Buɗe saƙon da ka tura wa Manaja zanen rufi, ka gangara ƙasa."

Dogo ya buɗe. A sama, "Ga zanen, ranka ya daɗe." Ya gangara. Ga hirarsu da Almakashi a kan rufin, wadda ya ƙara sunan Manaja a cikinta don gudun buɗe sabon saƙo. Ya ƙara gangarawa. Can ƙasa ga maganar gabas da yamma a zaune, da sunansa a kai.

Kunya ta rufe shi. Ya koma ga amsar amininsa yana neman zagin da shi kansa ya yi wa Almakashi, ko kalma ɗaya, don ya san ta inda zai fara ba da haƙuri. Babu. Almakashi ya yanke su duka.