Na'urar da Ta Iya Zanawa

Tun tana aji biyu a jami'a ake kiranta Injiniya a gida. Yayanta ne ya laƙaba mata don tsokana, sunan kuma ya bi ta. Shi ne ya kawo ta kamfanin ruwan kwalba a kan babur ranar gwajin ɗaukar aiki, kira na farko da ta samu cikin shekara uku da gama karatu.

"Shiga ki nuna musu, ƙanwata," in ji shi. "In sun ba ki mota, ni ne direba."

Ba ta yi dariya ba. Ta daɗe da daina jin tsoro ko ɗoki a kan neman aiki. Abin da ta sani kawai, gurbi ɗaya ne, kuma in ya wuce ta sai komawa ɗaki da zaman jira.

Shugaban ɗakin gwaji dattijo ne mai tabarau. Ya duba takardunta, ya gyaɗa kai.

"Sakamako kam ya yi kyau, 'yata. To ga ruwa a kwalba, ga na'ura. Auna mana tsabtarsa."

Ta san na'urar farin sani. Akwai irinta sak a jami'arsu, guda ɗaya tal ga ɗalibai ɗari biyu, an manna ta da bango an lulluɓe da ƙyalle. Sau ɗaya a zangon karatu mai kula da ɗakin gwajin jami'ar yake yaye ƙyallen, ya ce a kalla da ido, hannu a baya. Su kuma su yi ta zane, sai ka ce masu koyon fenti. Zanenta ya fi na kowa. Sassa goma sha bakwai ta jera da sunayensu, har malami ya liƙa takardar a allo.

Ta matsa kusa, ta duba gaban na'urar. Ga allon lambobi, ga murfi, ga ramin sa kwalba, kowanne a inda ta saba zana shi. Ta danna maɓalli, shiru. Ta danna wani. Da ta rasa abin yi sai bakinta ya kama aiki shi kaɗai, ta shiga bayanin yadda haske yake ratsa ruwa, layi bayan layi, ba tuntuɓe.

"Na ji, 'yata," in ji dattijon. "Kunna ta."

Ta sake bin gaban da ido, daga sama har ƙasa. Ko gumi ba ta yi ba. Ji take kamar wata ce take tsaye a wurin, ita kallo kawai take yi.

Can dattijon ya miƙa hannu ta bayan na'urar, ɓangaren da a makarantarsu yake jingine da bango, ya taɓa wani ɗan makunni. Fitila ta kama. Na'urar ta fara wani gurnani a hankali irin na firji.

Maganar ta fito daga bakin Injiniya kafin ta tare ta.

"Au, dama tana ƙara?"

Dattijon ya cire tabarau, ya murza idanu. Bai yi faɗa ba, bai kuma yi dariya ba.

"Ke ce ta huɗu yau daga makarantarku," ya ce.

Ya rufe fayil ɗinta a hankali, ya ɗora shi a kan sauran ukun.