Takalman Mai Agogo

A gidan da Doguwa take zaman kanta, ba a shiga ɗakin mace da takalmi. Baƙo zai cire a bakin ƙofa kamar kowane mai tarbiyya, ya ɗaga labule ya shige. Abin da sabon zuwa bai sani ba shi ne, kafin labulen ya gama rawa, maƙwabciyar ɗakin ta riga ta kwashe takalman ta jefa a kwandon da ke ƙarƙashin gadonta. Ba zai sake ganinsu ba sai mai ɗakin ta leƙo da kanta ta ce a ba shi. Matan gidan sun daɗe da gane cewa mutuncin wasu mazan a ƙafa yake. Namiji yana iya dukan mace ya fice abinsa ko a jikinsa, amma da wuya ya yarda ya taka titi da safa da rana tsaka. Wasu baƙin su yi dariya, wasu su yi tsaki, su dai jira a miƙo musu.

Doguwa ce mai riƙon takalman baƙin Auta, don bango ɗaya ya raba ɗakunansu. Auta ba yarinya ba ce, har ɗa gare ta a hannun yayarta can wata unguwa. Ita ce dai ta zo gidan a ƙarshe, sunan ya bi ta. A sanin danginta, kitso take yi a wani shago. Doguwa ba ta taɓa ganin laifinta ba, don ita ma ta yi shekaru tana cewa atamfa take sayarwa kafin ta gaji da ƙaryar.

Ranar da abin ya faru, Doguwa tana bakin famfo tana cuɗa zanen gado sai ga Mai Agogo. Tsohon baƙon Auta ne, mutum mai tumbi da ƙamshin turare, wanda ba ya iya gaisuwa sai ya juya hannu an ga agogon. Ya cire takalmansa baƙaƙe masu tsini, sai ƙyalli suke yi, ya shige. Doguwa ta goge kumfa a zaninta, ta kai su kwando, ta koma kan wankinta.

Rediyon wata yana ta ihu a ɗakin ƙarshe, shi ya sa ba ta ji komai sosai ba, sai ƙarar wani abu da ya bugi bango. Can sai ga mutumin ya fito yana gyara wuyan riga, yana raba ido a bakin ƙofa.

"Ke, ina takalmana?"

"Mai ɗakin ba ta yi magana ba," in ji Doguwa.

"Barci take yi."

"To sai mu jira ta farka. Auta?"

Shiru. Doguwa ta sake kira. Ta miƙe. Ba a banza ake ce mata Doguwa ba, da ta tsaya a gabansa sai da ya ɗaga kai. Ta ratse shi ta shiga ɗakin.

Auta tana ƙasa tsakanin gado da bango, ta riƙe haƙarƙari. Ido ɗaya ya rufe, leɓe ya fashe, jini ya ɓata mata wuyan riga.

"Cewa na yi ya sa kororon roba," ta faɗa da ƙyar. "Ya ce shi ya wuce nan. Na ce to ya tashi ya tafi."

Baƙin ciki ya kama Doguwa. Kafin ta fito, sauran matan sun cika tsakar gida, shi kuma gogan naka ya ga ba sarki sai Allah ya yi waje da safa. Makanikan da ke ƙofar gida suka raka shi da tafi har bakin motarsa.

Doguwa ta dafa ruwa ta gasa wa Auta fuska, sannan ta ce su tafi caji ofis.

Auta ta girgiza kai. "Yaya Doguwa, ya san mijin yayata. Layinsu ɗaya a kasuwa. Ina buɗe baki zai kai labarina gida. In suka hana ni ganin yarona fa?"

Doguwa ta so ta yi faɗa, ta haɗiye. Jikin Auta ne, sunan Auta ne, ɗan ma nata ne. A gidan nan ba a tilasta wa mace namiji, ba za a tilasta mata ƙara ba.

Da mutumin yana da wayo, da maganar ta mutu a nan. Amma an ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Tafin makanikan nan ya hana shi sukuni. Rana ba ta yi sanyi ba sai ga shi ya dawo da wani kofur ɗan sanda, shi kuma sanye da silifas ɗin aro da suka yi masa kaɗan, dugadugansa a ƙasa.

"Ga ta nan, ita ce ɓarauniyar," ya ce yana nuna Doguwa.

Kofur ya ce ta fito da takalman ta biyo shi. Doguwa ta ce ba gardama. Ta shiga ta sake zani, ta ɗaura ɗankwalinta mai kyau, ta zizara kwalli, ta bar su tsaye suna jira. Ta fito da takalman a leda. Sun kai ƙofa sai ta ji taku a bayanta. Auta ce, ta lulluɓe rabin fuska da gyale.

"Ba za a rufe ki a kaina ba," ta ce. "Zan raka ki. Amma ba zan ce komai ba."

A caji ofis, wata saje ce a kan teburin karɓar ƙara, mace mai jiki da tabarau a kan hanci, ga fanka tana juyi a samanta ba ta kawo iska. Mai Agogo ya riga kowa buɗe baki. Ya faɗi inda aka ɗinka takalman, ya faɗi irin mutanen da yake zama da su, ya ce irin waɗannan matan ba su da aiki sai sata.

Saje ta dubi Doguwa ta saman tabarau. "Mene ne aikinki?"

"Zaman kaina nake yi, ranki ya daɗe."

Wani ɗan sanda da ke kan benci ya fashe da dariya. "Karuwa ke nan. Ki faɗa da Hausa."

"Ai ka faɗa min, Yallaɓai, na gode," in ji Doguwa. "A rubuta duk wanda ya fi sauƙi."

"Kin ɗauki takalmansa?" Saje ta tambaya.

"Na ɗauka. Ga su, ko ƙura ban bari ta taɓa ba. Sai dai ina roƙon a tambaye shi a ƙofar wa ya cire su, da kuma abin da ya kore shi bai tsaya ya karɓa ba."

Ta bayyana ƙa'idar gidan a taƙaice, yadda kowace take riƙe wa ta kusa da ita. Ɗan sandan benci ya daina dariya. Saje ta juya ga Mai Agogo, wanda sai yanzu ya gane cewa da ƙafarsa ya kawo kansa, da bakinsa kuma ya shaida yana gidan. Ya fara kame-kame, wai saƙo ya kai. Saje ba ta saurare shi ba, idonta yana kan mai gyalen da ke rakuɓe a bayan Doguwa.

"Ke, buɗe fuskarki."

Auta ta buɗe. Saje ta cire tabarau ta daɗe tana kallo.

"Wa ya yi miki wannan? Duka duka ne, ko ke wace ce. Amma ba zan rubuta abin da ba ki faɗa ba."

Mai Agogo ya matso kusa da Auta, ya yi ƙasa da murya, har da murmushi. "Ki yi tunani dai. Gobe da safe zan ga mijin yayarki. Ina kitson?"

Auta ta sunkuyar da kai. Ta ce a ba ta izini ta sha iska, ta fita. Doguwa ta bi ta da yardar Saje, zuciyarta ta riga ta karaya. Ta ɗauka gida za su koma.

A baranda Auta ta jingina da bango tana numfashi a hankali saboda haƙarƙarin. "Yau ya doke ni, na yi shiru don kada ya faɗa. Jibi ya dawo ya ce ba roba, nan ma in yi shiru. Har yaushe?" Ta miƙa hannu. "Ara min wayarki, ya fasa tawa."

Doguwa ta ba ta, ta matsa gefe, amma tana ji.

"Yaya, ni ce. Ki zauna, magana zan faɗa miki, gara ki ji a bakina. Ba kitso nake yi ba. Zaman kaina nake yi, tun da na bar gida. Da shi nake aiko da na makarantar yaro. Yau wani ya doke ni, ina caji ofis zan kai ƙararsa. Ya ce zai faɗa muku, shi ya sa na riga shi."

Ta saurara. Sannan ta sauke wayar daga kunne ta duba.

"Ta kashe," ta ce.

Hawaye ya zubo daga idon da ke buɗe. Ta share da gefen gyale, ta mayar wa Doguwa wayar, ta gyara tsayuwa ta koma ciki. Doguwa ta ji tausayinta, ta kuma ji alfahari da ita irin wanda ba ta taɓa ji da kowa ba.

Auta ta dafa teburin Saje da hannu biyu. "Ranki ya daɗe, a rubuta. Wannan mutumin ne ya doke ni, a ɗakina, don na ce sai ya sa roba."

"Za ki yi da-na-sani," in ji Mai Agogo. "Wallahi sai danginki sun ji."

"Sun ji," ta ce, ko kallonsa ba ta yi ba.

Saje ta ja biro. Ta ce wa kofur ya shigar da mutumin bayan kanta, ya cire agogo da bel, sannan a kawo takardar asibiti. Auta ta ci gaba da bayani dalla-dalla, murya ba ta rawa, tana nuna inda ya naushe ta da inda ya sa ƙafa.

Wayar ta yi ƙara a hannun Doguwa. Lambar da aka kira ɗazu ce. Ta dubi Auta, ta ga ba ta gama ba, sai ta fita baranda ta ɗauka.

"Wace ce?" Muryar mace ce, ta dashe da kuka.

"Maƙwabciyarta ce."

Can nesa Doguwa ta jiyo muryar yaro yana tambayar wani abu.

"Ya ji mata ciwo sosai?"

"Ido da haƙarƙari. Amma da ƙafarta take tsaye."

"Ban san me zan ce mata ba," in ji matar. "Wallahi ban sani ba. Raina a ɓace yake." Ta ja hanci. "Wane caji ofis ne? Kada ki bar ta ita kaɗai kafin in iso."

"Ba ita kaɗai ba ce," in ji Doguwa. "Amma ki zo. Ki taho da yaron in za ki iya, shi take tsoron rasawa."