Ranar da Muka Yi wa Ciyawa Fenti

"Rigo, ka bar tabo can wajen famfo!" na ƙwala wa mijina kira.

Yana tsaye a ƙofar gidan da ba namu ba, tankin feshi a bayansa, yana shafe busasshiyar ciyawa da koren fenti. Har gashin bakinsa ya yi kore shar.

Rabin gidajen layinmu a garin Stockton banki ya ƙwace, namu ma ya kama hanya. Ranar da muka saye shi, dillalin bashi ko shaidar albashi bai nema ba. Biro ya ɗaga yana murmushi: "Albashin nawa kuke so in rubuta?" Bayan shekara biyu kuɗin ruwa ya yi tashin gwauron zabi, bashin kuma aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu, har muka rasa sanin wanda ke binmu.

Gwamnati sai da ta gama ceto bankuna sannan ta tuna da mu. Ta ce za a sassauta wa mutum biya, in dai darajar gidansa ba ta faɗi warwas ba. Mai kimanta gidaje zai zo Litinin, kuma wa zai yi wa gida kuɗi a layin da ya zama kufai? Shi ya sa muka tashi haiƙan, don layin ya yi kamar cike yake da mutane.

Maƙwabcinmu Baba Pruitt, tsohon direban bas, shi ya naɗa kansa shugaba. Muka rataya labulena a tagogin gidajen da ba kowa, muka tura matacciyar motarsa ƙofar wani gida.

"Maribel, shanya wanki a gidan can," ya ce mini.

"Wankin wa?"

"Na Rigo mana! Wandonsa ɗaya ya isa a ce mutum uku ne a gidan."

"Tsoho, ka kiyaye ni," Rigo ya nuna shi da bakin feshin. "Kanka ma ciyawarsa ta mutu."

Na yi dariya har da hawaye. Rabon da in ji daɗi haka na manta.

* * *

Mai kimantawa ya zo, saurayi mai ladabi. Ya ci tamale ɗina biyu, wani irin alalen masara, ya yaba layin.

"Akwai mutum biyu a gidan can," Baba Pruitt ya shirga masa ƙarya, "sun je coci."

"Ran Litinin, Baba?" Saurayin ya yi murmushi, sannan ya dube ni. "Madam, ki yi haƙuri. Ni ba ciyawa nake dubawa ba. Farashin da aka yi gwanjon gidajen maƙwabta nake bi."

Ba mu shiga tsarin sassaucin ba.

* * *

Ran Asabar ina ba ciyawarmu ruwa sai ga doguwar bas cike da masu sayen gidajen gwanjo. Direban ya leƙo da fara'a. "A da wuce layin nan muke yi. Yanzu kuwa kowa shi yake tambaya!"

Suka bazu suna leƙa tagogi ta cikin labulena. Wata mata mai baƙin tabarau ta tsugunna a ƙofarmu, ta shafa ciyawar da Rigo ya shuka da hannunsa shekarar da muka tare.

"Kai, wannan fentin ya fi sauran kyau," ta ce wa mijinta. Ta ɗago ta dube ni, ruwa na kwarara a kan takalmina. "Baiwar Allah, shi wannan gidan yaushe zai fito gwanjo?"