Bana Ina Za Ku?

Tallar ce ta jawo komai. Tun ana saura makonni a ba da hutun makaranta aka soma sako ta a talabijin, kafin labarai, bayan labarai, har a tsakiyar wasan kwaikwayo daidai inda magana ta ɗauki zafi. Wani otal ne na bakin teku. Miji da mata da 'ya'yansu, duk cikin fararen kaya, suna gudu a kan rairayi suna dariya kamar waɗanda ba su taɓa biyan kuɗin haya ba. A ƙarshe matar ta dafe malafarta kada iska ta ɗauke, ta juyo ta kalli mutum ido cikin ido ta ce, "Mu dai mun iso. Ku bana ina za ku?"

To, wannan tambaya ita ta shiga gidan hayar da Maman 'Yan Biyu ke zaune ta ƙi fita. Gidan bene ne, tsakar gida ɗaya, igiyar shanya ɗaya, bango kuma in ka yi atishawa sai na kusa ya yi maka sannu. Yara suna rera tambayar a kan matakala, mai gadi yana yi wa mai kwasar shara ita suna dariya. Kowa ya ɗauke ta wasa, ban da maƙwabciyarta ta saman bene, wadda ake kira Matar Sama.

Matar Sama ba muguwa ba ce, a yi mata adalci. Irin mutanen nan ne dai da in sun sayi sabbin kujeru sai su bar ƙofa a buɗe wai zafi ake yi. Mijinta ma'aikacin banki ne, kuma duk hutu sai sun je wani wuri sun dawo da hotuna. Bana ciki ya hana ta doguwar tafiya, saboda haka ta samu sararin bin diddigin tafiyar kowa.

Ita kuwa Maman 'Yan Biyu, a kantin magani take aiki, mijinta malamin lissafi. Rufin asiri suna da shi daidai gwargwado, babu abin da suka rasa. Ciwonta ɗaya ne: me za a ce. Ko shara za ta zubar sai ta sake mayafi. In ta wuce mata biyu suna dariya, ta dinga juya abin a ranta ke nan har ta kai wurin aiki, ko zaninta ne, ko tafiyarta ce.

Ranar da abin ya faru suna shanya ne, mata sun cika tsakar gida. Matar Sama ta dafe ƙugu ta bi su ɗaya bayan ɗaya da tambayar tallar. Wannan ta ce wurin surukanta, waccan ta ce tana nan daram, kan katifarta ne bakin tekunta, aka yi dariya aka wuce. Da aka zo kan Maman 'Yan Biyu, da ma ta faɗi haka an wuce wurin. Amma sai ta ji idanu a kanta, ta ji bakinta ya ce, "Bakin teku za mu, wannan otal ɗin da ake nunawa." Matar Sama ta ce a'a, lallai, ashe ana shiri ba a faɗa ba, to a kawo musu tsaraba. Kafin rigunan su bushe gidan kaf ya sani.

Da ta gaya wa mijinta, Malam, dariya ya yi har ya ƙware da shayi. Ya ce ai abu mai sauƙi ne, gobe ta ce an fasa. Ta ce in ta ce an fasa me za a ce? Ya ce za a ce an fasa. Ta fashe da kuka, ta ce shi bai san mata ba, shi ba ya zuwa igiyar shanya, ita ce za a dinga nunawa da baki har shekara ta zagayo. Ta ce su ɓuya a cikin gida mako guda kawai, a ɗauka sun tafi. Malam ya auna abin. Mako guda babu baƙi, babu iyayen yara masu neman a yi wa ɗansu darasin hutu, babu aike. Gaskiya kwaɗayin barci ne ya sa ya yarda, ba wani abu ba.

Ran da aka ba da hutu suka kira tasi har ƙofar gida, aka fito da akwatuna biyu ana ɗaga hannu. Suka sauke 'yan biyun a gidan gwaggonsu can ɗaya gefen gari, inda da ma za su yi hutun. Sannan miji da mata suka dawo da tsakar rana ta lungun baya inda ake ajiye shara, suka shige ta ƙofar kicin sumui-sumui, mutum da gidansa.

Nan ta kafa dokoki. Labule a sake, ba a kunna fitilar falo. Ba a soya albasa, ba a daka komai. Ba a sakin ruwa a banɗaki sai an ji na sama sun saki nasu. Takalma kuwa a cire, tafiya a kan yatsu. Wayoyi ta kashe su duka ta jefa a aljihun tebur, kada wani ya kira ya ce a juya waya ya ga teku. Talabijin kaɗai aka yarda a kunna, shi ma babu murya. Sai ga su zaune a duhu da rana tsaka suna cin burodi da kifin gwangwani, matar tallar tana motsa baki tana tambayarsu ina za su. Malam ya ce a kunnenta wai shi har ya fara jin iskar teku, ta mintsine shi.

Akwai mutum ɗaya da ya kamata a gaya wa, ba a gaya mata ba: Inna, mahaifiyarta. Tsohuwar tana can garinsu, tafiyar rabin yini a bas, kuma gwiwoyinta sun daɗe da gajiya, sai da sanda. Ba ta ƙetare kwana biyu ba ta kira autarta ba, ko da don ta tambayi abin da aka dafa. Maman 'Yan Biyu ta yi niyyar kiranta kafin ta kashe wayar, amma me za ta ce? In ta ce suna bakin teku ta yi wa uwarta ƙarya, in ta faɗi gaskiya ta sha faɗa. Sai ta bar shi zuwa gobe, goben ma ta bar shi zuwa gobe.

Ana tsakiyar mako, da la'asar, aka buga ƙofa. Su biyun suka sandare. Aka sake bugawa, wannan karon da kan sanda. Ta lallaɓa ta ɗaga gefen labule kaɗan. Inna ce tsaye, ta jingina da bango tana haki, ga jaka a ƙasa, ga kwandon lemo da ƙwai tsarabar 'yan biyu, ƙafafunta sun kumbura har takalmin ya shige cikin nama.

Ta ruga ƙofa. Hannunta na kan makulli ta ji takun silifa yana saukowa daga bene, ta ji muryar Matar Sama: "Sannu Iya, ai ba sa nan, sun tafi hutu bakin teku." Sai ga ƙofofi suna buɗewa, mata suna fitowa yi wa baƙuwa sannu da hanya.

Hannun ya tsaya a kan makullin. Malam ya matso ya ce mata a hankali ta buɗe mana, Inna ce fa. Ta ce ya bari su watse tukuna, yanzun nan za su watse. Ya ce wallahi in ba ta buɗe ba shi zai buɗe. Ta riƙe masa riga da hannu biyu, idonta ya kawo ruwa, tana roƙonsa da baki ba murya, irin na matar tallar. Ya tsaya.

Ba su watse ba. Wa zai watse ga labari ya zo har gida? Matar Sama ta ce a hau da Iya sama ta huta, Inna ta ce gwiwarta ba ta hawa bene. Aka kawo mata kujera aka ajiye daidai bakin ƙofar, har ana jin kukan kujerar da ta zauna. Inna ta ce ta yi ta kira waya a kashe, na mijin ma a kashe, ta kasa cin abinci, ta ce gara ta zo ta gani da idonta ko lafiya.

"Ikon Allah," in ji Matar Sama. "Wai ba ta gaya miki za su yi tafiya ba? Ke da kika haife ta?"

A bayan ƙofa Maman 'Yan Biyu ta ji kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa, don ta gane abin da za a ce yanzu ya fi wanda ta guje wa muni. Amma buɗewar ma ta ƙara wuya, tunda yanzu ba maƙaryaciya kaɗai za a kira ta ba, har da wadda ta bar uwarta a waje tana ji.

Inna ta ɗan dubi ƙofar. Can ta yi 'yar dariya ta ce af, ta tuna, ai ta gaya mata, har ta ce a zo a ɗauke ta a tafi tare ita ce ta ƙi, me tsohuwa za ta yi da teku? Tsufa ne kawai, kai ya zama rariya. Matan suka yi dariya suka ce Allah sarki Iya. Matar Sama ta ce bari ta kawo ruwa mai sanyi, ta kuma sa maigidanta ya kai ta tasha kada motar ƙarshe ta tashi. Sauran suka koma duba tukwanensu.

Wurin ya rage Inna kaɗai. Wannan shi ne lokacin, ko yaro ya san shi ne lokacin. Maman 'Yan Biyu ta sa hannu a makulli tana auna ko Matar Sama ta kai saman matakala, ko akwai mai leƙe ta taga. Tana cikin wannan aune-aunen ta ji muryar uwarta ƙasa-ƙasa, dab da katakon ƙofar.

"Auta, na ga inuwar ƙafarki ta ƙasan ƙofa. Lafiyarku ƙalau?"

Ta durƙusa, ta sa baki a ramin makulli ta ce lafiya lau, Inna.

"To alhamdu lillahi, abin da ya kawo ni ke nan. Kada ki buɗe. Kin riga kin faɗa musu, ni ma na faɗa. Bar shi a haka."

Abin da ba za ta taɓa yafe wa kanta ba shi ne sanyin da ta ji a ranta a wannan lokacin. An ba ta izini. Ta sauke hannunta daga makullin. Malam ya kalle ta, ya juya ya shige ɗaki ya zauna a bakin gado.

Ta ji an kawo ruwa, ta ji Inna ta sha ta yi godiya. Ta ji ta ce a raba lemon wa yaran gidan, ƙwan kuma mai ciki ta ci, kafin su dawo ya lalace. Inna ta ɗan jima kafin ta tashi, wai sai ƙafar ta saki. Sannan kujera ta yi kuka, sanda ta fara bugun siminti a hankali har ta kai bakin titi, ƙofar mota ta rufe.

Sai a lokacin hankalinta ya dawo jikinta. Ta zari mayafi, wanda ya zo hannu, ta fita ta ƙofar kicin, ta bi ta kan sharar lungu, ta tsai da tasi, sai tasha. Duk hanya tana kuka direba na kallonta ta madubi, ba ta ko damu ba.

Ta tarar da bas ɗin ya kusa cika, ana ɗaure kaya a sama. Inna na zaune a bakin taga, ta miƙe ƙafa ɗaya a hanya, sandar a tsakanin gwiwoyinta. Maman 'Yan Biyu ta kama ƙarfen tagar ta ce Inna ta yi wa Allah ta sauko su koma gida, ta ƙofar gaba za su shiga, kowa ya gani, a faɗi abin da za a faɗa.

Inna ta dube ta sama da ƙasa, ta ce ta rame, ta dinga cin abinci. Ta tambayi 'yan biyu, aka ce suna gidan gwaggonsu, ta ce to madalla. Maganar saukowa kuwa ta ce a'a, ta riga ta zauna, in ta sauko ba lallai ƙafar ta sake hawa ba. Babu faɗa a muryarta ko kaɗan, kuma da faɗan ta yi da ya fi sauƙi.

"Inna, ke fa kika ce kada in buɗe."

"Ni na ce," in ji Inna. Yaron mota ya buga gefen bas, direba ya tayar da inji. Ta gyara sandarta ta kalli gaba. "Bayan na faɗa na ƙi tashi, na ce ƙafata ce. Jira nake in ga ko za ki ƙi ji. Tun kina ƙarama ba ki taɓa jin maganata sau ɗaya ba, Auta, sai yau."