Kek ɗin da Bodil Ta Ƙi Kawowa

A wurin aikinmu, wanda ya kwafsa shi ke kawo kek. Ka tsinke wa wani ƙauye intanet da kuskure, ko ka goge abin da bai kamata ka goge ba, washegari ka biya gidan burodi ka sayo kek ka ajiye a kicin. A ci, a tsokane ka, a kora da kofi, magana ta mutu a nan. Ni Ejvind, mai amsa wayar masu ƙorafi, na ci kek ɗin kowa a gidan nan, shi ya sa suke ce mini Acici, kuma sunan bai taɓa hana ni ƙari ba.

Kamfanin na manoman yammacin wani yanki ne da ake kira Jylland. Su suka haɗa kai suka ja wayar intanet zuwa gonakinsu lokacin da manyan kamfanoni suka ce yankin ya yi musu nisa. Bodil ce ke riƙe da sabar wasiƙu, injin da duk wani imel na yankin ke bi ta cikinsa, tun gashinta bai fara fari ba. Gajeriyar mace ce mai kaifin baki. In ta ce maka abu zai lalace, ka je ka nemi kayan gyara kawai.

Sai aka kawo mana sabon manaja daga birni, Troels. Ba zan yi masa ƙarya ba, yana da kai, kuma ya iya magana da 'yan kwamitin da ke kula da kamfanin. Ciwonsa ɗaya: ba ya iya ganin tsohon abu ya ƙyale shi. Da ya leƙa manhajar da Bodil ke aiki da ita, baƙin allo da fararen rubutu, sai ya yamutsa fuska kamar an ba shi madarar da ta kwana. Bai jima ba ya kira taro ya nuna mana wata sabuwa, mai launi da maɓallai, wadda wani kamfani ya tallata masa.

"Wannan ko Ejvind zai iya sarrafa ta," in ji shi.

"Na gode da yabo," na ce.

Bodil ta cire tabaraunta. "Troels, ban ƙi sabuwa ba. Tsohuwar ma ta gajiyar da ni. Amma wannan taka ba ta da haƙuri. Duk injin da ya ƙwanƙwasa mata ƙofa, in sunan da ya faɗa bai yi daidai da lambarsa ba, korarsa take yi, ba tambaya. Rabin injinan da ke aiko wa manomanmu saƙo kuwa tsofaffi ne, ba mai kula da su. Mu kunna su biyun gefe da gefe tukuna, mu ga wa take kora."

"Haka za mu yi ta gefe da gefe har mu yi ritaya?"

"Ni dai na faɗa."

"An ji," ya ce, ya rufe kwamfutarsa.

Akwai wata doka da ba a rubuta ba, ko ɗan koyo ya san ta: ba a taɓa inji ranar Juma'a. To ranar Juma'a Troels ya zaɓa, kuma ranar da Bodil ta ɗauki hutu don ta kai mahaifiyarta a duba mata ido. Ya zauna da mutanen kamfanin da suka sayar masa da manhajar, suka juya komai zuwa sabuwa. Asger, mai haɗa wayoyi, ya leƙo ya ce, "Yau fa Juma'a ce." Troels ya ce camfi ne. Da yamma ya aika wa kansa saƙo, ya ga ya shigo, ya tafi gida yana fito.

Ranar Litinin wayata ta kama da wuta. Na farko da ya same ni Kresten ne, manomi mai shanu da yawa, wanda ko gaisuwa yake yi sai ka nisanta wayar daga kunne.

"Ejvind! Ina sakamakon gwajin madarata?"

"Barka da asuba, Kresten."

"Riƙe barkarka! Ɗakin gwaji sun ce tun shekaranjiya suka aiko cewa akwai matsala a tankina. Ban ga komai ba, na ci gaba da zuba sabuwa a kan gurɓatacciya. Yanzu duk na malalar da ita a rami. Wa zan kama?"

Ba shi kaɗai ba ne. Likitan dabbobi ya kira, mai kawo abincin shanu ya kira, har sakatariyar mawaƙan coci. Wasu wasiƙu na shigowa lafiya lau, wasu kuma kamar ƙasa ta haɗiye su. Irin wannan ciwon ya fi mutuwar inji gaba ɗaya muni, don ba ka san abin da ka rasa ba sai mai shi ya zo yana ihu.

Bodil ta shigo, ko rigar ruwanta ba ta cire ba. Ba ta ce wa kowa "ai na faɗa" ba, wannan ma ya fi ba ni tsoro. Ta kira ɗakin gwajin ta ce su sake aikowa tana kallo. Saƙon ya zo bakin ƙofa, sabuwar manhaja ta ce ba ta san mai aikowa ba, ta mayar da shi. Can kuma injin da ya aiko ba mai karanta abin da aka dawo masa da shi. Ta sassauta dokar, ta sa aka sake gwadawa, saƙo ya shigo. Kafin cin abincin rana wasiƙu sun dawo hanya, amma madarar Kresten ta riga ta bi ƙasa.

Da yamma Troels ya tsaya a ƙofar kicin, muna shan kofi, ya yi murmushin da bai kai ido ba.

"To, Bodil, gobe muna sa ran kek."

Ta ɗago. "Na wa?"

"Naki mana. Ke ce mai wasiƙu. Da kin rubuta sunayen tsofaffin injinan nan a wuri ɗaya, da ba a yi haka ba. Komai yana cikin kanki, wa zai shiga can ya duba?"

"Ka tambaye ni? Ko ka jira na dawo?"

"Haba, kek ne fa kawai. A ci a manta."

"Na kawo kek a gidan nan har mai gidan burodi ya san muryata a waya," ta ce. "Ranar da na rufe akwatin imel na limamin coci da kuskure, na kawo. Ranar da na bari faifan ajiyar sabar ya cika, na kawo babba. Wannan kuwa kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Ba zan kawo ba."

Duk mun san dalilin da ya sa ba kek ne kawai ba. Manoma sun fusata, kwamiti zai zauna, kuma suna son suna. In Bodil ta shigo da kwali a hannu, Troels zai tsaya gabansu ya ce ai ita da kanta ta amsa laifi, ga shaidu sun ci. Daga nan sai a karɓe sabar daga hannunta a miƙa wa kamfanin da ya sayar da manhajar, abin da yake so tun farko ke nan. Al'adar da muke kashe magana da ita, ita yake so ya ɗaure ta da ita, abin ya ƙona mini rai ƙwarai.

Washegari Bodil ta zo hannu rabbana. Troels ya fita, ya dawo da kwali, ya ajiye a tsakiyar teburin kicin, ya ɗora wuƙa a gefe.

"Na taya Bodil sayowa, tunda aiki ya yi mata yawa," ya ce da ƙarfi. "A madadinta ne. Ku ci."

Kai, jama'a! Kek ne mai kwakwa da jan sukari a kai, irin wanda nake mafarkinsa, da ɗuminsa, ƙamshi ya cika har ɗakin injina. Asger ya shigo, ya kalle shi, ya zuba kofinsa ya fita. Solvej mai lissafi ta ce wai ta fara rage ƙiba, matar da jiya na ga ta cinye biskit ɗin baƙi. Ni kuwa na zauna a teburina ina amsa waya, yawuna na tsinkewa, ina zagin Troels da kakansa a zuci.

Da ya ga har la'asar ba wanda ya taɓa wuƙar, sai ya san inda zai nufa. Ya yanko yanki mai kauri, daga gefen da sukarin ya fi taruwa, ya ɗora a faranti ya kawo mini har tebur.

"Ejvind, kai dai ba ka da rigima. Ci abinka."

"Na ƙoshi."

Ya yi dariya. "Kai? Tun yaushe?"

"Tun yau."

Ya jawo kujera ya rage murya. "Ka san in an miƙa sabar, ana buƙatar mutum a nan da zai riƙa hulɗa da kamfanin. Ba sai ya iya baƙin allo ba. Ka rabu da ihun su Kresten a kunne. Na yi tunaninka."

Ba zan ɓoye ba, na gaji da ihun su Kresten. Na kalli farantin, na kalli bayan Bodil ta cikin gilashi, tana zaune tana bin sauran injinan yankin ɗaya bayan ɗaya don kada sabuwar manhajarsa ta kori wani. Aikinsa take gyarawa, shi kuma yana nan yana cinikin kujerarta da yankin kek.

"Troels," na ce, "ni mai ci ne, kowa ya sani. Amma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ɗauke farantinka, yana jawo mini ƙuda."

Kek ɗin ya kwana, ya sake kwana. Sukarin ya bushe ya tsattsage. Mai shara ta tambaya ko ta zubar, Asger ya ce a'a, ta bar shi, mai shi zai zo. Troels ya daina shiga kicin, ya koma shan kofi a ofishinsa da ƙofa a rufe.

Ina so in ce muku gaskiya ta yi halinta a zaman kwamiti. Ba ta yi ba. Mun je, ni da Asger, mun faɗi abin da muka gani. Suka saurara, suka gyaɗa kai. Amma su suka ɗauko Troels, su suka sa hannu a sayen manhajar, kuma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Suka ce ba a zargin kowa, sai dai bai dace wasiƙun yanki guda su rataya a kan mutum ɗaya ba. Aka miƙa sabar ga kamfanin, aka ce Bodil ta koma zana taswirar wayoyin ƙarƙashin ƙasa. Shugaban kwamitin ma har ya ce mata, cikin raha, da ta kawo kek ɗin da duk ba a kai nan ba.

"Da na kawo, da kun yi abin da kuka yi yanzu, sannan ku ce ni na roƙa," ta ce. "Ku nemi mai zana taswira. Na ajiye aiki."

Ranarta ta ƙarshe gidan ya yi tsit. Mai barin aiki ma yana kawo kek, na bankwana, a tsaya a kicin a yi jawabi. Na san ba za ta hana mu wannan ba, amma har rana ta yi tsaka teburin kicin babu komai. Raina ya ɓaci sosai. Na ce ashe Troels ya ci mu har nan, mace ta ba gidan nan ƙuruciyarta za ta fita kamar baƙuwa.

Sai ta leƙo ɗakina. "Acici, sa rigarka. Kira sauran."

Ana yayyafi, iska na kaɗawa daga teku. Ta ajiye motarta a tsallaken titi, bayan shingen kamfani, a bakin gonar wani. Ta buɗe bayan motar. Kek ne har hawa uku, da kirim da 'ya'yan itace, ita ta gasa da hannunta, ga butar kofi da kofuna.

"Me ya sa a nan?" Solvej ta tambaya tana rawar sanyi.

"In ya taka ƙofar can, gobe za a ce na kwafsa ne. A nan kuwa nawa ne, ni ke faɗin sunansa."

Muka tsaya cikin ruwa muna ci. Asger ya fara jawabi, ya kasa ƙarasawa, ya bari. Kresten da ke wucewa da tarakta ya tsaya ya sauko, ya karɓi nasa, ya faɗa mata da ihunsa na kullum cewa shi bai taɓa cewa ita ce ba. Ni na ci yanki biyu ina share ido, na ce ruwan sama ne, ba wanda ya yarda.

Can sai ga Troels ya fito, ba ko riga mai kauri, ya tsallako titi. Ya tsaya gaban Bodil, ruwa na bin gashinsa.

"Bodil, na zo in yi miki fatan alheri. Ko zan samu yanki?"

Ta yanka masa, mai kauri, ta ɗora a faranti ta miƙa masa da hannu biyu.

"Ci, Troels, wannan na bankwana ne, kowa na da rabo. Ɗayan kuwa, na amsa laifi, har yanzu mutanen nan suna jiransa, ka kuma san wanda zai shigo da shi da sunansa."

Ya tsaya da farantin a hannu, bai kai baki ba. Ita kuwa ta juya ta tambaye ni ko zan ƙara, na ce ta zuba.