Albashin Maraɗi

"Wai gwamnati ce ta gano shi," in ji Mariatu 'yar Kumasi, tana miƙo mini shayi a wurin zaman makokin maƙwabcina Souley. "Turawa biyu da kwat sun zo ranar Talata suna neman ƙofarsa. Alhamis ya faɗi a matakalar tashar jirgin ƙasa. An ce ƙarya ya yi a fom ɗin aiki, tsoro ya tsinka masa zuciya."

Na aje kofin kafin ya suɓuce. Shekara ashirin da biyu na yi ina buga takardu a ofishin jakadanci, na san "an ce" ba shaida ba ce. Amma ranar zancen ya kama ni, domin ni na buga wa Souley wannan fom.

Ƙofarsa na kallon tawa a hawa na huɗu, nan unguwar Tremont. A 1994 ya shigo mini da takardar neman aikin gwajin ruwan sha a wani ofishin birni, aikin da ya shekara goma yana yi a Maraɗi. Akwai layin da ke tambayar albashin baya.

"Nawa za ka sa?" na ce.

"Abin da ake ba ni can, Inna. In an juya sefa, dala ɗari da saba'in a wata."

"Kai, Souley! Mutanen nan ba hannunka suke aunawa ba, farashin da aka saye ka jiya suke dubawa, su ɗora ɗan kaɗan. Ka rubuta wannan, ka zauna a ƙasa har furfura."

Na ƙirƙiro masa wani kamfani a New Jersey, na buga adadi mai mutunci. Ya karɓa yana gumi. Ya sami aikin, ba mu sake tayar da zancen ba.

Kwana uku bayan jana'iza ban taɓa tuwo ba. Keken rubutuna yana da harafi ɗaya mai karkata, duk mai bincike zai gane shi. Na naɗe shi a zani na tura ƙarƙashin gado. Takardun zaman 'yata suna hannun hukuma lokacin. In lif ya tsaya a hawanmu sai in riƙe numfashi ina sauraren takalma. Abin da ya fi ci na kuwa: in gaskiya ne, ni na kashe yaron mutane.

Rana ta huɗu da hantsi na gaji da tsoron abin da ban gani ba. Na ƙwanƙwasa wa matarsa.

"Safiatou, su wane ne suka zo ranar Talata?"

Ta ɗago jajayen idanu. "Talata? Au, masu wa'azin coci ne, Inna. Kullum suna zagaye. Ga ma ɗan littafinsu can, na ɗora tukunya a kai."

"Ba wasiƙa daga wurin aikinsa?"

"Ni ban iya karatun Ingilishi ba. Papiyensa, takardunsa duka, suna cikin jakar nan. Ki duba mini, don Allah, ni ma maganar mutane ta hana ni sukuni."

Na zauna a bakin gado na zuge jakar. Takardar asibiti ce a sama: zuciya, hawan jini da ya daɗe ba magani.

"Yaushe zai ga likita?" in ji ta. "Ya tashi biro, ofis ɗin nasu, ƙarfe biyar, ya wuce aiki na biyu a garejin ajiye motoci. Asabar da Lahadi ma haka. Abokan aikinsa kuwa aiki ɗaya yake isarsu."

A ƙasa na ga fom biyu. Na farko nawa ne, da harafina mai karkata, a ninke huɗu, ba sa hannu, ba hatimi. Bai taɓa kai shi ba.

Na biyu kwafin wanda ya miƙa ne, da rubutun hannunsa mai kwanciya irin na makarantar Faransanci. Albashin baya: Maraɗi, dala 170 a wata. A gefe wani ma'aikaci ya buga hatimi, ya rubuta matakin albashin da za a ɗauke shi a kai. Mataki na ɗaya, mafi ƙasa.