Zanen Hamamatu a Kan Gada

Gadar jirgin ƙasa ta girmi injin katako da shekara huɗu. Da aka gama ta ne jirage suka fara kawo gungumen itacen odum daga daji, sai aka kafa injin a gindinta. Seini, mijin Hamamatu, yana cikin waɗanda suka ɗauki dutsen gadar a ka, lokacin da ya zo daga Doso yana saurayi. Daga nan ya shiga injin, ƙarar zarto ta cinye masa kunne.

Ba a barin mata su wuce ƙofar injin, kuma a ciki ko ka yi ihu ba mai ji. Don haka matan Zangon Kumasi suka samo dabara. Wadda ta kawo abinci sai ta rataya zanenta a ƙarfen gada, mijin ya hango ya fito. Na Hamamatu shuɗi ne mai zanen kifi, ya koɗe har kifin ya kusa ɓacewa.

A ƙarshen 1969 aka ce duk baƙon da ba shi da takarda ya bar Gana. Seini da Hamamatu ba su da ita, sai suka sayar da gadonsu na kwana, suka samu wuri a motar da za ta tafi arewa ranar Laraba. Ranar Larabar da safe Seini ya ɗauki hularsa.

"Malam, ina kuma za ka?" Ta faɗa a bakin kunnensa.

"Na bar gungume rabi a kan zarto. In mota ta zo, ki rataya zane."

Mota ta zo da hantsi. Hamamatu ta hau gada da sabon zanenta na tafiya, ja mai kyau, ta rataya. Tana hango shi ta tagar injin. Ya ɗago kai, ya dubi gada, ya koma kan aikinsa. Ta karkaɗa zanen. Ya sake dubawa, ya kau da kai kamar mai jin kunyar matar wani.

Sai ta tuna. Shuɗin ta ba maƙwabciyarta Fusena jiya, kyautar ban kwana. Ta ruga unguwarsu Asawase ba takalmi.

"Fusena, cire zanen nan!"

"Yaya, a tsakar gida? Kyauta ma ana biyo ta?"

"Cire, don Allah, tsohon nan bai san ni ba sai da kifi!"

Kafin ta dawo, direba ya gaji da jira, mota ta tafi da tabarmarsu da tukwane biyu. Duk da haka ta rataya shuɗin. Nan take Seini ya fito yana kakkaɓe garin katako, yana murmushi.

"Yau me aka dafa?"

Ta zauna a kan gada tana dariya, hawaye na zuba.

Wata uku suka yi a ɗakin Fusena, ba sa fita sai dole, har mai injin ya samo masa takarda. Da damina ta 1970 zazzaɓi ya kwantar da Seini, kwana shida Allah ya karɓi abinsa. Abokan aikinsa ne suka yanka katakon da aka rufe kabarinsa, a nan Kumasi, inda Hamamatu ke iya zuwa da ƙafa. Allah ya jiƙansa.

Jan zanen ta ba Fusena. Shuɗin kuwa ta ce ba ta ƙara ba kowa.